Sanin Ƙasa Kafin Gyaran Ƙasa: Ina Rabon Bincike a Kuɗin Gwamnati?

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon hedimasta, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya. Mun buga shi kamar yadda ya karanta shi.

 

    

Da kwamitin shirya taro ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabin bana, na san abin da ake jira daga bakina: ko dai tarbiyyar yara, ko halin da makarantun firamare suka shiga, tunda a nan na ƙarar da ƙarfina shekara 35. Sai na roƙi alfarma a bar ni in ɗauko wata magana da ban taɓa jin an tayar da ita a zaurenmu ba, wato kuɗin da gwamnati ke warewa domin binciken kimiyyar halittu da muhalli, da kuma rabon da ƙasarmu ta Wurno da Rabah da Goronyo ke samu daga ciki. Ni ba masanin kimiyya ba ne, iyakar karatuna kwalejin horon malamai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya zauna da 'ya'yan manoma da masunta da makiyaya tsawon wannan lokaci ba ya rasa abin faɗa.

Maganata guda ɗaya ce, sauran duk hujjoji ne. Gwamnatoci sun zuba dukiya mai yawa a ƙasarmu wajen gini: an datse gulbi, an ja magudanai, an shimfiɗa siminti. Abin da ba a kashe wa kuɗi yadda ya kamata ba shi ne sanin ƙasar da aka yi ginin a kanta, da ruwanta da turɓayarta da itatuwanta da ƙwarinta da cututtukanta. Wannan giɓi kuwa mu ne muke biyansa, da damin hatsi, da buhun albasa, da lafiyar 'ya'yanmu.

Sunanmu a littattafan wasu

Tun ina ƙaramin malami yara sukan kawo mini wasu duwatsu da suka tsinto a gefen tudu wajen kiwo, wani kamar ƙoƙon dodon koɗi, wani kamar haƙori, wani kamar gaɓar ƙashin baya. Sukan ce, "Malam, mene ne wannan?" Ni kuwa in ce musu ikon Allah ne. Gaskiya na faɗa, amma malami bai sauke nauyinsa ba in ya tsaya a nan, domin Allah da Ya halicci abin Shi ne Ya ba mu hankalin bincikensa. Sai da shekaru suka ja sannan na sami amsar.

Masana ilimin duwatsu sun gano cewa a wani zamani mai nisa, wanda suka ƙiyasta tsakanin shekara miliyan 60 zuwa 70, wani reshen teku ya ratso ta inda hamadar Sahara take a yau, ya malale wannan yanki namu. Lakar da ta kwanta a ƙarƙashin ruwan ita ce ta zama duwatsun tuddanmu, har masana suka raɗa wa hawa-hawan duwatsun sunayen garuruwan wannan yanki: Taloka da Dukamaje da Wurno. Dutsen farar ƙasa da masana'antar siminti ta Kalambaina ke haƙa, shi ma tekun nan ne ya bar shi. A 1930 wani Baturen Birtaniya mai suna Swinton, ma'aikacin gidan adana kayan tarihi na Landan, ya yi rubutu a kan ƙasusuwan da aka kwaso daga Lardin Sakkwato, har ya sa wa wani dangin kada na wancan zamani suna Wurnosaurus, ko da yake daga baya masana sun haɗe shi da wani jinsi. Bayansa wasu masana na Jami'ar Fulorans ta ƙasar Italiya suka zo suka yi tono a ƙasar Goronyo, a 1972 suka ba wata ƙatuwar dabbar teku mai ƙirar ƙadangare suna Goronyosaurus. Yau duk ɗalibin da ke nazarin irin waɗannan halittu, ko a Amurka yake ko a Japan, sai ya furta sunan Goronyo, alhali ɗan Goronyo da ke kiwo a kan tudun bai san da labarin ba.

Wa ya biya kuɗin tafiya da tono da shekarun nazari? Gwamnatin mulkin mallaka da jami'o'in Turai. Ban ga laifinsu ba, sun yi abin da ya kamace su. Darasin da na ɗauka shi ne, wanda ya biya kuɗin bincike shi ke zaɓen tambayar da za a amsa, kuma ɗakinsa ake kai amsar. In muna son a amsa tambayoyinmu, sai kuɗin ya fito daga baitulmalinmu.

Gadon da muka tarar

Kada wani ya ce bincike ɗabi'ar Turawa ce da ba ta shafe mu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, ya zauna a cikinta, kuma a nan ya rasu a 1837, bai tsaya ga fiƙihu da tarihi kaɗai ba. Ya wallafa littattafai a kan ilimin magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. Da Baturen nan Kilafatan ya dawo Sakkwato a zuwansa na biyu, tsakanin 1826 da 1827, cikin tsarabar da ya kawo akwai littafin lissafi na Iƙlidisu da Larabci, sai Bello ya shaida masa cewa da ma suna da shi, gobara ce ta cinye. Wannan shi ne mutumin da muke alfahari da makwancinsa.

Haka Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, wanda ya fara da aikin malanta a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Da ya kafa jami'a a Zariya a 1962, tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda take nan tun 1922, aka shigar cikinta, domin ya san ƙasar manoma ba ta tashi sai da masu nazarin iri da ƙasa da ƙwari. Ke nan in muka nemi gwamnati ta ɗauki nauyin bincike, gadon gida muka nema a raya.

Dam ɗin Goronyo: shekarar ambaliya da shekarar ƙafewa

Mu dawo kan abin da kowa ya gani da idonsa. An kammala dam ɗin Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992, an kuwa gina shi ne ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda aka kafa a 1973, ita ke kula da shi. Ku da ke zaune a birnin Sakkwato, ruwan famfon da kuke sha da rani, da ruwan da ake saki daga wannan dam ya dogara. Saboda haka maganar ba ta mutanen ƙauye kaɗai ba ce.

A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi wa dam ɗin yawa, ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki da rumbuna tun daga ƙasar Goronyo har jihar Kebbi, ta yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shekara takwas bayan haka, a farkon 2018, ruwan dam ɗin ya ja baya har ya koma kimanin kashi 10 cikin ɗari na abin da ya kamata ya riƙe, noman rani ya shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Jami'an da ke kula da shi suka ambaci dalilai biyu: ƙarancin ruwan sama a daminar 2017, da kuma yashi da laka da suka taru a cikinsa. Mutanen Wurno kuma sun san irin shekarun da suka yi suna kallon fadamarsu bayan ambaliya ta karya dam ɗin Lugu.

Ku lura da maganar yashin nan, domin ita ce ta haɗa masifun biyu. Ruwan Rima daga nesa yake tahowa, ta Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, wato daga ƙasar Katsina da Zamfara da Jamhuriyar Nijar. In aka sare itatuwa a can, aka nome har bakin rafi, ruwan sama sai ya kwashe ƙasa ya taho da ita. Muddin ruwa na gudu yana ɗauke da kayansa, amma da zarar ya iso dam ya tsaya cik, sai ya sauke. Kowace shekara cikin dam ɗin na ƙara cikewa, kamar randar da ake zuba wa yashi kaɗan-kaɗan. Randar da rabinta yashi ne, da damina tana saurin tumbatsa, da rani tana saurin ƙafewa.

Sanin yawan yashin nan ba tsafi ba ne. Kwalekwale ake shiga da na'urar auna zurfi, a bi dam ɗin layi-layi, a kwatanta da taswirar lokacin gini. Haka sanin yawan ruwan da ke tafe: ma'aunai ake kafawa a kan rassan gulbin da masu karanta su kullum, sai a san ambaliya na zuwa tun da sauran kwanaki. Kuɗin wannan aiki bai kai ƙwayar gero ba in aka auna shi da kuɗin gina dam, amma aiki ne na kowace shekara, ba ya da ranar yanke kyalle, ba a kuwa manna masa allon sunan kowa. Shi ya sa shi ake fara yankewa in kasafi ya matse.

Mutanen Rabah suna da nasu darasi daga gulbin Sakkwato. Da aka kammala dam ɗin Bakolori a 1978, hankali duk ya tafi ga gonakin da za a ba ruwa kusa da shi. Sai daga baya wani masani ɗan Ingila mai suna Adams ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da dam ɗin, ya nuna a rubuce cewa ambaliyar da ke ciyar da fadama kowace shekara ta ragu, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, lambunan rani sun ja baya, kamun kifi ya faɗi. Iyayenmu sun san haka tun kafin a rubuta, amma ba a auna kukansu ba sai bayan aikin gama ya gama. Tun ran gini ran zane.

Tambayoyin da ke jiran amsa

Na farko, lafiyar yara. Babu hedimastan da ya riƙe makaranta a bakin fadama da bai ga yaro na fitsarin jini ba, har wasu iyaye na ɗaukarsa alamar balaga. Tsargiya ce, kuma hanyarta sananniya ce: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar yaron da ke wanka ko kamun kifi. Ruwan da ke kwance a magudanan ban-ruwa shi ne gidan wannan dodon koɗi. Akwai ƙwayar magani, ana kuwa rabawa a makarantu, amma yaron da ya sha yau gobe zai koma ruwan jiya. Abin da muke bukata shi ne a san waɗanne mashigai ne suka fi haɗari, a wane wata, domin a san inda za a share ciyawa, da inda za a haƙa rijiya.

Na biyu, ƙasar noma. Gonar da ake ba ruwa shekara da shekaru ba tare da hanyar tsiyayewa ba, rana na shanye ruwan ta bar gishiri da kanwa a sama, har ka ga fari-fari a kan kunya, shuka ta tsumbure. Manomi sai ya ƙara taki, alhali ba yunwa ke damun gonar ba. Gwajin ƙasa ne kaɗai ke raba gardama.

Na uku, albasa da tafarnuwa, waɗanda su ne tutar fadamunmu a kasuwannin Kudu. Kowa ya san yadda albasa ke ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi, har manomi ya gwammace ya sayar da arha ranar cira. Wane iri ne ya fi jimirin ajiya a zafin ƙasarmu? Wane gyara za a yi wa rudu da kayan da ke hannun talaka? A 2016 mun ga yadda tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta share gonakin tumatir a Arewa cikin 'yan makonni. In irinta ta faɗo wa albasa, wa ke tsaye yana gadi?

Na huɗu, kifi da itatuwa. Tsofaffin masunta za su lissafa maka kifayen da suka yi wuyar gani, su ce giwan ruwa ya zama labari, tarwaɗa da karfasa da kurungu sun ƙanƙance. Tsofaffin mata za su nuna maka inda da can ake tsintar kanya da aduwa da magarya, yau sai fili. Wannan ilimi ne na gaske, amma yana cikin ƙirjin mutanen da ke barinmu ɗaya bayan ɗaya.

A nan zan faɗi laifin kaina. A wata makaranta da na riƙe, na tarar da ma'aunin ruwan sama a tsakar fili, da littafin da ake rubuta abin da aka samu duk safiyar da aka kwana da ruwa. 'Yan aji shida ke karantawa, malami ya sa hannu, ƙarshen wata a aika ofis. Sannu a hankali takardun cikewa suka daina zuwa, ba wanda ya sake tambaya, mu ma muka yi sakaci. Ma'aunin ya zama abin wasan yara, littafin kuwa gara ta cinye shi a kabad. Da makarantu talatin na yankin nan sun riƙe wannan aiki shekara arba'in, da yau ba mu tsaya musu a kan ko damina ta sauya lokacin faɗuwa ba, da littafi za mu buɗe. Na daɗe ina jin ciwon wannan.

Shin bincike na biyan kuɗinsa?

Gani ya kori ji. Dattawan Fulaninmu sun tuna cutar bushiya, wadda ta dawo a 1983 ta karkashe shanu a Arewa, mai garke ya wayi gari da sanda kaɗai. Allurar rigakafinta a ɗakin gwaje-gwaje aka samo ta, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa ta, gwamnatoci kuma suka ɗauki nauyin bi ruga-ruga. A 2011 aka shelanta cewa cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Haka shinkafar nan da manoma ke kira Sipi, wadda sunanta na hukuma FARO 44, ta hannun cibiyar binciken hatsi ta Badeggi aka gwada ta aka fitar, ga ta nan ta cika fadamu.

Misali na uku daga maƙwabtanmu na Maraɗi yake. Tun daga 1983 manoman can suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki. Amma duniya ba ta san girman abin ba sai a shekarun 2000, da masana suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, suka ƙiyasta cewa fili kimanin hekta miliyan 5 ya farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Manoma suka yi aikin, masu bincike suka auna shi, awon kuwa shi ya jawo hankalin hukumomi. Ƙasarsu da tamu ɗaya ce, harshenmu ɗaya, in ya yiwu a can me zai hana a nan?

Ina kuɗin yake?

Tun a 1980, a taron Ikko, shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashe kashi 1 cikin ɗari na dukiyar da kowace ƙasa ke samarwa a shekara wajen bincike, aka sake jaddada alkawarin a 2006. Alƙaluman Bankin Duniya na 2019 sun nuna Nijeriya ta kashe kimanin kobo 28 cikin kowace naira 100, alhali Koriya ta Kudu ta haura naira 4. To, amma da babu gara ba daɗi, kuma wajibi ne mu san ƙofofin da ɗan abin da ake da shi ke fitowa.

Ƙofa ta farko ita ce asusun TETFund, wanda asalinsa harajin ilimi ne da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, aka sake masa suna da fasali a 2011. A ƙarƙashinsa akwai Asusun Bincike na Ƙasa, wanda aka ware wa naira biliyan 5 a 2019, da biliyan 7.5 a 2020, da biliyan 8.5 a 2021, na dukan fannoni da dukan jihohi. Ba a raba wannan kuɗi gari-gari. Malaman jami'o'i da kwalejojin gwamnati ne ke rubuta abin da suke so su bincika, a yi takara, wanda ya ci a ba shi. Ma'ana, in babu malamin da ya rubuta takarda a kan yashin Goronyo ko albasar Wurno, ko sisi ba zai zo ba.

Ƙofa ta biyu ita ce Asusun Muhalli da aka kafa a 1981, wanda ake cira daga asusun tarayya: kashi 1 cikin ɗari na gwamnatin tarayya, 0.72 na jihohi, 0.6 na ƙananan hukumomi. Ashe ke nan ƙananan hukumominmu uku suna da kaso. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Tambayar me aka yi da kason muhalli haƙƙinmu ne, ba rashin kunya ba ne.

Ƙofa ta uku ita ce manyan ayyukan da ake ciwo bashi dominsu. Shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014 a kan dala miliyan 495, ya haɗa da ayyukan ban-ruwa na Goronyo da Bakolori. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa, na dala miliyan 700, an amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai kuma Hukumar Ganuwar Itatuwa da aka yi wa doka a 2015, wadda Sakkwato ke cikin jihohinta 11. Irin waɗannan shirye-shirye sukan yi nazari mai kyau, amma suna da wa'adi. In wa'adi ya cika masana su naɗe kayansu, awo ya tsaya. Muhalli kuwa ba ya bayyana sirrinsa a shekara biyar, sai an daɗe ana kallonsa.

Na san abin da ke ran wasunku. Za ku ce, Malam, ana kashe mutane kana maganar dodon koɗi? Ban manta da Tabanni a 2018 ba, ban manta da kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 ba, Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Tsaro shi ne gaba da kome, kuma babu mai binciken da zai shiga gonar da mai ita ya gudu ya bari. Amma ruwa ba ya tsami banza. Cikin abubuwan da suka share wa wannan fitina hanya akwai ƙuncin makiyaya da burtali da mashaya, da gonar da ta daina ciyar da mai ita. Ranar da Allah Ya kawo ƙarshenta, mutane gonakin nan za su koma, kuma in ba a san abin da ƙasar za ta iya ɗauka ba, an bar garwashi a cikin toka.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti na 'ya'yanmu da suka karanci kimiyya, su zauna da manoma da masunta da makiyaya da mata, su fitar da tambayoyi goma da suka fi damunmu, a rubuta su da Hausa da Turanci. A kai su Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Samaru da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, a ce ga abin da za ku nemi kuɗi a kansa, mu kuma mun ɗauki masauki da jagora da gabatarwa gaban hakimai.

Na biyu, cikin abin da muke tarawa kowace shekara a ware na ɗalibai biyu ko uku masu neman digiri na biyu, bisa sharaɗin bincikensu ya kasance a kan ƙasarmu, kuma in sun gama su zo su bayyana sakamakon da Hausa a gaban waɗanda abin ya shafa, su bar mana kwafi.

Na uku, mu tunkari 'yan majalisarmu na mazaɓar Wurno da Rabah, da ta Gada da Goronyo, da sanatan Sakkwato ta Gabas, mu nemi ƙaramar tashar bincike kusa da dam, mai madubin ganin ƙananan halittu da kayan gwajin ƙasa da ruwa da wutar sola. Mu nace cewa a sa albashin ma'aikata da man babur da kayan aiki cikin kasafin kowace shekara, domin mun gaji da gine-ginen da jemagu ke gada.

Na huɗu, mu roƙi a riƙa auna zurfin dam ɗin lokaci-lokaci, a bayyana sakamakon ga jama'a, a kuma riƙa sanar da ƙauyuka ta rediyo da waya kafin a saki ruwa mai yawa.

Na biyar, a mayar da ma'aunin ruwan sama makarantunmu. Wannan ba sai mun jira Abuja ba, mutum ɗaya a cikin zauren nan zai iya saya wa makarantu goma. Ni kuma, in Allah Ya ba ni lafiya, na ɗauki alkawarin zagayawa in koya wa malamai yadda ake riƙe littafin, ko na biya bashin wancan da gara ta ci.

Na shida, ku da ke birane ku taya mu tattaro abin da aka riga aka rubuta a kanmu, tun daga rahoton ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1969, har kundayen ɗaliban jami'a, a ajiye su wuri ɗaya a gida inda yaranmu za su iya karantawa.

'Yan'uwa, yawancinku kuɗin gero da shinkafa da albasar fadamun nan ne suka kai ku makaranta, har kuka zama abin da kuka zama. Kuna da bakin da ake ji a ofisoshin da manomi ba ya iya shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Burina shi ne, in yaro ya sake tsinto dutse mai kama da haƙori ya kai wa malaminsa, malamin ya ce masa ikon Allah ne, sannan ya zaunar da shi ya ba shi labarin tekun, daga littafin da ɗan Goronyo ko Wurno ko Rabah ya rubuta.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.